Yadda za ka ga aikin sinadaran narka abinci da idonka, ka kuma sauƙaƙa musu aiki

A gidanmu da ke cikin birnin Katsina akwai dokar da kakata ba ta sassauta wa kowa: ludayin da ya shiga baki ba ya komawa cikin ƙwaryar koko. Muna yara mun ɗauka maganar ƙyama ce kawai. Amma duk ranar da wani ya faki ido ya mayar, kafin a jima kokon da aka dama da kauri sai ya tsinke ya koma tsararo, nan take kuma ta san an yi. Sai da na yi karatun kimiyya har na fara koyar da ita sannan na gane cewa abin da ke tsinka kokon nan shi ne farkon abin da ke narka tuwo a cikinmu.

Sunansa enzayim. Wani ƙanƙanin sinadari ne da jiki ke ƙerawa, aikinsa yanka. Ka ɗauki sitacin da ke cikin gero, dawa, masara ko shinkafa kamar dogon carbi, kowace ƙwaya a jikinsa sukari ce mai suna gulukos. Hanji ba ya iya tsotse carbi sukutum, sai an tsinka zaren ƙwayoyin sun warwatse. Furotin na nama da wake shi ma carbi ne, sai dai ƙwayoyinsa kala 20 ne. Kowane enzayim da irin zaren da yake yanka, na sitaci ba ya taɓa nama, na nama ba ya taɓa mai. Ba sa kuma ƙarewa a wurin aikin, guda ɗaya zai yanka nan ya saki ya kama can. Wani masanin Jamus, Wilhelm Kühne, shi ya raɗa musu wannan suna a cikin shekarun 1870.

Abu uku suke buƙata: ɗumi irin na jiki, wato digiri 37, tsami ko rashin tsami daidai da halin kowanne, da kuma abincin ya iso musu a farfashe. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan ukun suka tsaya.

Mataki na farko: fara da bakinka

Yanko ɗan tuwon shinkafa ba miya, ko ɓargon burodi maras sukari. Sa a baki ka yi ta tauna, kada ka haɗiye, har minti biyu. Tun kafin lokacin ya cika za ka ji ɗan zaƙi ya fara fitowa. Ba kai ka zuba sukari ba. Yawu na ɗauke da enzayim mai suna amiles, shi ne ya fara gutsuttsura sitacin zuwa wani sukari da ake kira maltos. Bakin mutum na fitar da yawu lita 1 zuwa lita 1 da rabi a yini.

In kana son gani da ido, gani kuwa ya kori ji, ga yadda nake yi da ɗalibaina. A dama kunu mai kauri da sabon kamu wanda bai yi tsami ba, a bari ya huce ya koma ɗumin da za a iya ba jariri. A raba a ƙananan kofuna huɗu, cokali uku-uku. Na farko a bar shi haka. Na biyu a zuba masa yawu rabin cokali a juya. Na uku a fara matsa masa lemun tsami sosai sannan a sa yawun. Na huɗu a sa yawun da aka riga aka tafasa a cokalin ƙarfe. A jira minti 15, sai a karkata kowane kofi. Na biyu zai kwarara kamar ruwa. Na farko da na huɗu suna nan da kaurinsu, domin wuta ta lalata enzayim ɗin, ba kuwa ya farfaɗowa. Na uku zai ɗan saki saboda ruwan lemun, amma bai kai na biyu ba, saboda amiles ba ya jure tsami mai ƙarfi.

Mai aidin na wanke ciwo a gida zai iya ƙarawa da wannan: a tsarma kunu rabin ƙaramin cokali a rabin kofin ruwan ɗumi, a raba biyu, a sa wa ɗaya yawu cokali guda. Bayan minti 20 a ɗiga aidin a kowanne. Maras yawu zai koma shuɗi mai duhu kamar an tsoma shi a marina, mai yawu kuwa launinsa zai fito dishi-dishi ko ya tsaya ruwan ƙasa, alamar sitacin ya ragu. A zubar da su nan take, aidin ba abin sha ba ne.

Darasin wannan mataki a wurin cin abinci shi ne tauna. Mu masu cin tuwo mun saba da haɗiye loma da santsin miyar kuka ko kuɓewa ba tare da haƙori ya taɓa ta ba. Tuwo dai ya dahu ya yi laushi, ba laifi sosai. Amma nama, gyaɗa, aya, dafaffiyar masara da wake, waɗannan sai an tauna su da kyau, domin enzayim a saman gutsuren abinci yake aiki, ba ya kutsawa tsakiyar gunduma. Hikimar niƙa ke nan, da daka, da kirɓa.

Mataki na biyu: garin tsiro don kunun yaye

Wannan shi ne matakin da ya fi damuna, shi ya sa zan daɗe a kansa. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 2 cikinsa ƙarami ne. In an dama masa kunu mai kauri ba ya iya haɗiya, sai uwa ta ƙara ruwa. Ya sha cikinsa ya cika taf, amma yawancin abin da ya shiga ruwa ne, abincin kaɗan. A jihar da tamowa ke kwantar da yara kowace damina kafin sabon hatsi ya shigo, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Akwai hanyar tsinka kunu ba tare da ƙara ko ɗigon ruwa ba, kuma masu kunun zaki sun daɗe da saninta.

Ƙwayar hatsi in ta fara tsiro tana ƙera amiles mai yawa don ta narka sitacinta ta ciyar da sabon tsiron. A jikin tsiron sha'ir ne ma wasu masana biyu na Faransa, Payen da Persoz, suka fara ware irin wannan sinadari a 1833. Uwargida, ga yadda za ki yi naki:

Ki samu gero mai kyau gwangwani biyu, ki tsince, ki wanke. Ki jiƙa shi da ruwa mai tsabta ya kwana. Da safe ki tsane shi, ki baza a kan tsabtataccen buhu ko zane mai laima, ki rufe da wani, ki ajiye a inuwa. Safe da yamma ki riƙa yayyafa ruwa kaɗan, ya kasance da danshi amma kada ruwa ya kwanta. Cikin kwana 2 zuwa 3 za ki ga farin tsiro ya fito. In kin ga furfura ko kin ji wari, ki zubar ki sake sabo. Sai ki shanya a rana ya bushe ƙarau, ki murje da tafin hannu tsiron da saiwar su kakkarye, ki sheƙe su. Ƙwayar kaɗai za ki niƙa, ki tankaɗe, ki zuba a kwalba mai murfi. Kada ki soya shi a wuta sosai, kin dai ga abin da tafasa ta yi wa yawu.

Na ce gero da gangan. Tsiron dawa yana ɗauke da wani sinadari mai guba, shi ya sa makiyaya ke hana dabbobi cin ƙaramar dawa. Wadda ba ta da gero sai dawa, to cire tsiro da saiwa ya zama dole, ba zaɓi ba.

Wajen amfani, ki dama kunun da kauri sosai, har ludayi ya kusa tsayawa. Ki sauke, ki ba shi 'yan mintuna tururin ya lafa amma da sauran zafinsa. Ki barbaɗa garin tsiro ƙaramin cokali ɗaya a kofi guda na kunu, ki juya, ki rufe. Cikin minti 5 zuwa 10 zai saki ya yi ruwa, ya kuma ƙara zaƙi. Ki mayar da shi wuta ya tafasa sau ɗaya don kashe ƙwayoyin cuta da ka iya biyo garin. Daga nan ki sa abin da ya sawwaƙa: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin soyayyen waken suya, ɗan manja ko man gyaɗa. Yaron zai sha kofi ɗaya kamar kullum, amma hatsin da ke ciki ya fi na tsararon nesa ba kusa ba.

Kafin wata 6 kuwa, nonon uwa zalla. Jariri bai fara fitar da isasshen amiles daga ciki ba a watannin farko, nonon uwa kuma yana zuwa da nasa enzayim na narka mai.

Mataki na uku: tumbi da nama

Loma in ta gangara tumbi ta faɗa cikin asid mai ƙarfi. A ma'aunin tsami, inda ruwan sha ke kan 7, tumbi yana tsakanin 1.5 da 3.5. A nan aikin amiles na yawu ke tsayawa sannu a hankali, wani enzayim mai suna fefsin ya karɓa. Shi fefsin furotin yake yanka, kuma sai cikin tsami yake aiki. Jiki yana fitar da shi a kulle ne, asid ɗin ke buɗe shi, bangon tumbi kuma yana lulluɓe da majina mai kauri don kada ya narka kansa.

Yadda aka fara ganin wannan aiki abin mamaki ne. A 1822 bindiga ta tashi ta huda cikin wani saurayi mai suna Alexis St. Martin a arewacin Amurka. Ya rayu, amma ƙofar ba ta rufe ba. Likitansa William Beaumont ya riƙa ɗaure yankan nama da zare yana zurawa ta ƙofar, yana zarowa bayan sa'o'i ya duba yadda ya narke. Ya wallafa sakamakon a 1833, sannan a 1836 Theodor Schwann ya gano fefsin.

Kai ba ka buƙatar ƙofa a ciki. Ɗanyen gwanda da ganyenta suna da enzayim mai yanka furotin, ɗanyar abarba ma haka. Yanko nama mai tauri gida biyu. Ɗaya ka shafa masa gogaggen ɓawon ɗanyen gwanda ko ka naɗe shi da dakakken ganyenta, ɗaya ka bar shi. A ajiye wuri mai sanyi awa 1 zuwa 2, kada a wuce haka a zafin garin nan. A wanke a dafa tare, za ka ji bambanci a haƙori. Dabara ce mai amfani da naman layya in rago ya tsufa. A kula da farin ƙaron gwandar, yana ƙaiƙayi a fata, mai juna biyu kuma ta guji cin ɗanyen gwanda.

Abinci na zama a tumbi awa 2 zuwa 4, mai maiƙo ya fi daɗewa. Don haka a ba tuwon dare tazarar awa 2 ko 3 kafin a kwanta, musamman mai fama da ƙwannafi. Na san da yawa cikinmu in ƙwannafi ya taso jiƙa kanwa ake yi a sha. Tana kwantar da zafin na ɗan lokaci domin tana kashe tsami, amma ba ta taɓa sanadin, ga gishiri mai yawa a cikinta wanda bai dace da mai hawan jini ba. Gyambon ciki galibi abu biyu ke kawo shi: wata ƙwayar cuta da likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005, da kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Ana gwajin ƙwayar cutar a asibiti, ana kuma maganinta ta mutu.

Mataki na huɗu: ƙaramin hanji, inda babban aikin yake

Tsawonsa ya kai kusan mita 6, a nan ake gama yawancin narkewa da tsotsewa. A farkonsa bututu biyu ke haɗuwa su zubo. Ɗaya daga madaciya, wadda duk mai gyaran kayan ciki ya san yadda ake kaffa-kaffa da ita kada ta fashe ta ɓata hanta. Ɗayan daga wata doguwar tsoka da ke kwance bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ce kuma mai fitar da insulin.

Ruwan madaciya ba enzayim ba ne. Zuba ruwa da man gyaɗa a kwalba biyu, ka ɗiga sabulun ruwa a ɗaya, ka girgiza duka. Maras sabulu zai rabu nan da nan, mai ya hau sama. Mai sabulu zai zauna fari kamar madara, man ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo. Aikin madaciya ke nan, sai enzayim mai suna laifes ya samu inda zai kama. Fankiriyas ke kawo laifes ɗin, tare da sabon amiles da zai ƙarasa sitaci, da tirifsin da 'yan uwansa masu ƙarasa furotin, da wani ruwa mai kama da kanwa a hali wanda ke kashe asid ɗin tumbi. A jikin bangon hanjin kuma akwai masu yankan ƙarshe: maltes mai raba maltos, sukures mai raba sukarin rake, da laktes mai raba sukarin madara.

Abin yi a nan biyu ne. Ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke toshe tirifsin, wuta ce ke karya shi. Saboda haka madarar awara ta tafasa sosai kafin a sa ruwan tsami, garin da za a sa wa kunun yara kuma a soya waken tukuna. Na biyu, a watan azumi a lura da hikimar buɗa baki da dabino. Yawancin sukarinsa ya riga ya zama ƙwaya ɗai-ɗai, ba ya jiran yanka, yana shiga jini da sauri. Dabino da ruwa da ɗan kunu, a tashi a yi magariba, sannan a dawo kan ƙosai da soye-soye a hankali. Tara maiƙo mai yawa lokaci guda ke sa nauyin cikin da ke hana mutum tsayuwar asham.

Mataki na biyar: gwada kanka da madara

Kowane jariri lafiyayye yana da laktes. Amma kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya yana raguwa a jikinsu bayan yaye. Al'ummomin da suka daɗe da kiwo, irin Fulani, sun fi riƙe shi har girma. Wanda nasa ya yi ƙasa, in ya sha madara sukarin ya wuce babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin halittar da ke can su ci, sai kumburi, ƙugin ciki, iska, wani lokaci zawo.

Don ka sani, ka bar madara da duk abin da aka yi da ita na mako 2, ka lura da cikinka. Sannan wata safiya ka sha kofi ɗaya na madara ita kaɗai, ka jira daga rabin awa zuwa awa 2 ko fiye kaɗan. In alamun sun dawo, ka gane. Wannan ba ya nufin ka rabu da fura da nono, ko hura kamar yadda muke faɗa a nan. Nono mai tsami da kindirmo ƙwayoyin da suka tsamar da su sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, shi ya sa mutum zai sha fura lafiya amma shayi mai madarar gari ya dame shi. Yawancin masu wannan hali suna jure rabin kofi in an haɗa da abinci. Abin da zan roƙa kawai, nonon ya kasance an dafa madararsa kafin a tsamar.

Mataki na shida: wake

Akwai wasu nau'o'in sukari a wake da babu ɗan Adam ɗin da ke da enzayim na yanka su. Haka dusar hatsi da zaren ganye irin zogale da rama. Suna wucewa babban hanji su zama abincin ƙwayoyin halitta masu amfani, iskar da ke biyo baya alamar aikinsu ce, ba cuta ba ce. Don a rage ta, a jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa da sabo har ya yi luguf. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, cikin 'yan makonni ciki zai saba. Surfe wake kamar yadda ake yi wa alala da ƙosai shi ma yana taimakawa. Daddawa kuwa misali ce ta narkewa tun a waje: ƙwayoyin da ke ruɓar da kalwa suna sakin nasu enzayim su farfasa furotin ɗinta, daga nan ƙamshin da ɗanɗanon suka samo asali.

Lokacin da dabarar gida ba ta isa ba

Mai lafiya ba ya buƙatar sayen ƙwayoyi ko jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a kasuwa da tasha da sunan wankin ciki ko ƙarin narka abinci. Jikinsa na fitar da fiye da abin da yake buƙata. Akwai dai masu ciwon fankiriyas da likita ke rubuta wa enzayim na haɗiya, su ma bayan gwaji ne.

A tafi asibiti in bayan gida ya koma fari-fari mai maiƙo, yana yawo a saman ruwa da wari mai tsanani, ko mutum yana ci amma yana ramewa, ko ido ya yi ɗorawa, ko zawo ya wuce mako 2. Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, da matsanancin ciwo a saman ciki mai ratsawa zuwa baya, waɗannan ba sa jiran gari ya waye. Yaron da ke zawo kuwa kada a tsayar masa da nonon uwa. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda tare da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, in idonsa ya faɗa ko ya kasa sha a garzaya da shi asibiti mafi kusa.